Zuwaira a Birnin Fararen Ɓeraye

Ɓera ne ya fara yi wa Dakta Zuwaira sallama, ita kuwa da yake kaɗaici ya riga ya gama da ita, sai da ta amsa masa har da wabarakatuhu kafin ta tuna ɓera ba ya magana.

Da la'asar ne, ma'aikatan cibiyar bincike duk sun watse, sai ita kaɗai a ɗakin gwaji tsakanin kejunan fararen ɓeraye. Kullum haka take. Ba miji, ba ƙawa, wayarta in ta yi ƙara to daga asibiti ne. Gidansu gida ne da jini yake kashewa. Jinin kowa yakan daskare in ya ji rauni, sannan gudan ya narke in raunin ya warke, amma nasu in ya yi guda a jijiya sai ya zauna daram. Haka ya ɗauke mahaifinsu, ya ɗauke yayyenta mata, ya bar ta daga ita sai Yaya Tukur, wanda ya yi mata uwa ya yi mata uba. Yanzu shi ma yana kwance da gudan jini a huhu. In likitoci sun ba shi maganin narkarwa sai jini ya ɓalle masa ta hanci da dasashi, in sun janye maganin sai gudan ya dawo.

Saboda wannan ciwo ta ƙare ƙuruciyarta a karatu. Ta gano ƙwayar gadon da ta lalace a jinin gidansu, ta sa irin lalacewar a jikin ɓeraye, suna haihuwa suna gadar wa 'ya'yansu, ita kuma tana gwada magunguna a kansu. Har ranar nan ba ta samo komai ba.

Ɓeran ya tsaya da ƙafa biyu a bakin keji, ya ce, "Sunana Jatau. Ke kin san ni da hudar da kika yi mini a kunne, ni kuwa na san ki da fiye da haka. Na ga kina cin abinci a tsaye, na ji kina gaya wa bango labarin yayanki. Ni ba haifaffen ɗakin nan ba ne, 'yar Adam. Aiko ni aka yi."

Zuwaira ta dafa tebur. Ta ce, "Wa ya aiko ka?"

"Magajiya, mai mulkin birnin da ke ƙarƙashin ƙafarki. Mu aljanu ne masu zama cikin jikin ɓeraye. A shekarun baya wasu daga ɓerayenki sun tsere ta bututun ruwa, suka iso mana, muka karɓe su, muka ba su aure. Ubana yana cikinsu. Yanzu 'ya'yansu da jikokinsu suna faɗuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara. Ciwon gidanku kika zuba mana. Amma a bayan birninmu akwai koguna biyu, ɗaya yana daskarar da duk abin da ya taɓa, ɗaya yana narkar da shi. Mu mun rasa yadda za mu yi da su. In ke kin sani, ki zo."

Kogi mai narkarwa! Ba ta ji sauran maganar ba sai wannan. Fuskar Yaya Tukur ce ta faɗo mata, ta ce, "Mu tafi."

Jatau ya ce ta miƙo babban yatsanta. Ya ɗora goshinsa a kai, ya karanta wasu kalmomi, sai ɗakin ya kumbura, tebur ya koma kamar rufin kasuwa, farar rigarta ta zube a ƙasa. Ta fito daga hannun rigar tana farar ɓera, da gashin baki da wutsiya da komai. Dakta guda, mai takardun shaida a bango, ta yi ta tuntuɓe da wutsiyarta har suka isa bakin bututu.

Suka gangara cikin bututu, bututu ya kai su rami, rami ya buɗe ya zama ƙasa mai faɗi wadda duwatsunta ke ba da haske ja-ja. Nan suka tarar da mai gadin hanya, wata tsohuwar mage mai ido ɗaya, kwance ta tare ƙofa, gashinta ya yi fari don tsufa.

Magen ta ce, "Ɗan birni na sani. Wannan kuwa warin mutum take yi. Ke baƙuwa, ba mai wucewa nan sai ya faɗi abin da ya fi jin tsoro. In kin yi ƙarya zan ji a bugun zuciyarki, in na ji kuwa na yi kalaci."

Zuwaira ta buɗe baki za ta ce mutuwa, sai ta ji zuciyarta ta canza bugu. Sai ta ce, "Ina tsoron ranar da ba sauran mai kiran sunana a duniya."

Magen ta dube ta da idon nan guda, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wuce. Naman mai irin wannan tsoro ɗaci gare shi."

Daga nan suka shiga Dajin Zare. Ba itace ko ɗaya a cikinsa, sai fararen zaruruwa da suka sarƙe daga sama har ƙasa. Zuwaira ta gane su nan take, domin irinsu take gani a madubin ɗakin gwaji in ta duba gudan jini, sai dai waɗannan suna motsi. Jatau ya ce ta kiyayi rauni, don zaren yana bin warin jini. Bai rufe baki ba dutse ya yanke ta a tafin ƙafa. Zaruruwa suka taso ta ko'ina, suka naɗe mata ƙafa, suka naɗe ƙugu, suka kamo wuya. Jatau ya ciji nasa hannun, ya ruga gefe yana yarfa jini a ƙasa, zaren ya sake ta ya bi shi, shi kuma ya zille ta ƙarƙashin wani dutse ya ɓullo a gabanta yana haki.

Ta ce, "Da ya kama ka fa?"

Ya ce, "Da kin ci gaba ke kaɗai. Kin saba ai."

Ta yi dariya, abin da ta manta rabonta da shi. Tun daga nan suka jera kafaɗa da kafaɗa, tana ba shi labarin yadda Yaya Tukur yake goya ta zuwa makaranta in ruwa ya cika kwari, shi kuma yana ba ta labarin ubansa, wanda har ya mutu bai daina mafarkin keji ba. Ba ta san hanya tana gajarta in ana hira ba sai ranar.

Birnin ya fi ƙarfin misali. Ganuwarsa ta ƙasusuwan kifi ce, soraye na fasassun tangaran, fitilun titi kuwa ƙwaron nan ne mai haske, an ɗaure su jere. Amma ba kiɗa, ba hayaniyar kasuwa. A kowace ƙofa akwai uwa zaune ta yi tagumi. Aka kai Zuwaira fada, ta tarar da Magajiya bisa karagar ƙahon rago, tsohuwa ce fara fat, idanunta kamar garwashi.

Zuwaira ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe."

Magajiya ta ce, "'Yar Adam, ke ce kika shiga cikin jinin halitta kika kwance abin da aka ɗaure?"

"Ni ce, ranki ya daɗe. Ɗan'uwana nake nema wa magani."

"Kowa da ɗan'uwansa. Namu suna kwance a zauren jinya saboda naki. Mun shayar da wasu ruwan Malalau, kogi mai narkarwa, jini ya zube musu har suka mutu. Mun shayar da wasu ruwan Tsayau, suka sandare suka zama dutse. In kin tashe su, za ki koma da abin da ya tashe su. In kin kasa, za ki zauna tare da mu ki taya mu binnewa. Kin yarda?"

"Na yarda."

Ɗebo ruwan ma aiki ne. Malalau yana cinye kowace irin ƙwarya, Tsayau kuwa duk gugan da ya shiga ba ya fitowa. Sai da suka farfaso dutsen gaɓar Malalau, wanda ya saba da ruwan, suka ɗeba da shi. Tsayau kuma suka jira inda yake ɗiga daga wani tsauni, Jatau ya rataye da wutsiya a kan rami mai zurfi yana tarar ɗigon da ɓawon gyaɗa, Zuwaira tana riƙe da shi da haƙora. A hanyar dawowa ta lura yana jan ƙafar baya, yana tsayawa ya nemi numfashi. Ta san alamar sarai. Suna isa ƙofar zauren jinya ya zube.

Nan fa Zuwaira ta koma Dakta. Ta sa aka kawo faffaɗan dutse, ta ɗiga jinin marasa lafiya a kai jere, ta yi ta gauraya ruwan kogunan biyu da ɓawon gyaɗa, ta ƙara wannan ta rage wancan. Wani haɗin ya mai da jinin ruwa tsululu, wani ya mai da shi tsakuwa. Ba ci, ba hutu, har ta kai ga wani haɗi da ya sa gudan ya saki a hankali, jinin kuma bai tsinke ba.

Tana cikin haka sai wata iska mai ɗumi ta fara hurowa daga zurfin ƙasa. Wata tsohuwa mai jinya ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdulillahi, iskar sauƙi ta zo. In ta huro, wasu marasa lafiyar sukan miƙe da kansu."

Zuwaira ta dubi haɗin da ke gabanta. In ta ba su haɗin suka miƙe, ta yaya za ta san haɗin ne ko iska ce? Ta ɗauki abin da ba ta tabbatar ba ta zuba a bakin Yaya Tukur, mutumin da ɗan magani kaɗan ke ɓalle masa jini? A wurin aikinsu akwai ƙa'idar da ake koya wa mutum tun ranar farko, har ta zame masa jiki: in za ka gwada magani, ka ware waɗanda ba za ka ba su ba, ka ba su ruwa zalla ba tare da sun bambanta da sauran ba, sannan ka kwatanta. Ta yi haka ga ɓeraye ba adadi, ba ta taɓa jin komai ba. A nan ba ta da zuciyar ware rukuni guda, sai ta ce ɗaya ma ya isa. Kuma a duk zauren, jinin Jatau kaɗai ta sani ciki da waje, don ta sha auna shi a ɗakin gwaji.

Ta bi marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya tana ɗura musu haɗin. Da ta zo kan Jatau sai ta juya baya, ta cika ɓawon da ruwan rijiya. Ta gaya wa kanta cewa ɗan jinkiri ne kawai, tana nan kusa da shi, da zarar ta ga bambanci za ta ba shi na gaskiya. Ba mugunta ba ce, wallahi ba mugunta ba ce. Hannunta ne ya yi abin da ya saba, kanta kuma ya samo masa hujja.

Jatau ya shanye, ya lashe baki. Ya ce, "Ashe maganin ba shi da ɗaci."

Ta ce, "Haka yake."

Ya ce, "In kin koma, ki riƙa zama kina cin abinci. Tsayuwar nan ba ta yi miki kyau."

Ta zauna a gefensa tana ƙirga numfashinsa a zuci. Can sai wata yarinya a ƙarshen zaure ta yi tari, ta tashi zaune, ta ce tana jin yunwa. Wani ya miƙe ƙafa. Wani ya tashi tsaye. Kafin ka ce me, zaure ya kaure da guɗa, iyaye suka yo kan Zuwaira, suka ɗaga ta sama, suka fita da ita titi. Ta ce su sauke ta, akwai abin da za ta yi, amma wa ke ji? Wata uwa ta rungume ta tana kuka a wuyanta, wata ta karɓe ta, wata ta kira ta 'yata. Rabon da wani ya rungume Zuwaira tun ranar da aka binne yayarta ta ƙarshe. Ta san ya kamata ta ƙwace ta koma. Ta ce bari wannan ta sake ni tukuna, sannan ta ce bari waccan ma. Daɗin ya yi mata yawa, ta kasa barinsa da wuri.

Da ta ƙwace, da gudu ta shiga zauren, ɓawon magani a hannunta. Shimfiɗu duk babu kowa sai ɗaya. Jatau yana kwance yadda ta bar shi, fuskarsa tana kallon ƙofar da aka fita da ita. Ta ɗura masa maganin, ya gangaro ta gefen baki. Ta girgiza shi, ta kira shi, ta sake kira. Jikinsa ya riga ya yi sanyi.

Ba wanda ya tuhume ta. Ita ta je fada da ƙafarta ta faɗi abin da ta yi, don ba ta da wanda za ta gaya wa in ba su ba.

Magajiya ta ce, "Maganin ya ƙare ne kafin ki zo kansa?"

"Bai ƙare ba, ranki ya daɗe."

"Ya yi miki laifi ne a hanya?"

"Raina ya ceta a hanya."

"To me ya sa?"

"Don in tabbata maganin ne ya tashe su, ba iska ba."

"Kin tabbata?"

Zuwaira ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Na tabbata."

Magajiya ta ce, "Mun daɗe muna jin labarin 'yan Adam, amma ba mu taɓa jin wannan ba. Alkawari dai alkawari ne. Kin tashe mana 'ya'ya, ga maganinki, babu mai taɓa ki. Sai dai akwai abin da ba ki tambaya ba kafin ki juya baya ki cika ɓawon nan. Jikin da kike ciki, wanda ya sa miki shi ne kaɗai ke iya cire miki shi. Ni da karagata ban iya ba."

Zuwaira ta dubi hannuwanta, 'yan ƙananan farata, farin gashi. Ta ce, "Ba wata hanya?"

"Babu. In kina so ki zauna, akwai ɗaki, amma uwar Jatau tana raye, kuma kullum za ku haɗu a rijiya. In kina so ki tafi, dogarai za su raka ki bakin bututu."

Ta ce za ta tafi. Aka ɗura maganin a ɗan ƙaramin gora, aka rataya mata a wuya. Dogarai suka ratsa da ita Dajin Zare, suka wuce magen tana barci, suka bar ta a bakin bututu suka juya.

Daga cibiyar zuwa asibiti, tafiyar da takan yi a keken ɗan sahu kafin ta gama duba waya, yanzu ta zama ƙasa guda. Ta bi kwata, ta ratsa ƙarƙashin motoci, shaho ya kawo mata sura ta faɗa cikin tulin shara, yara suka bi ta da duwatsu. Da hantsi ta shiga ɗakin da Yaya Tukur yake, ta ƙarƙashin ƙofa. Ya rame, leɓunansa sun yi baƙi, numfashinsa yana fita guntu-guntu. Kujerar mai jinya da ke gefen gado babu kowa a kai, don ba mai zama a kanta sai ita.

Ta kama zanen gado ta hau, ta bi ta kan ƙirjinsa, ta cire murfin goran da haƙori, ta ɗiga masa a leɓe har ya ƙare. Sannan ta sauka ta shige ƙarƙashin gado ta jira. Tana jin numfashin yana sarƙewa, yana sarƙewa, sai ya yi wani dogon tari, ya ja iska har ƙasan huhu, irin jan da ya daɗe bai yi ba. Ya sake ja. Gadon ya motsa, ya tashi zaune.

Ya ce, "Zuwaira?"

Wata nas ta shigo da gudu, ta tsaya baki buɗe, ta kama hannunsa tana duba bugun jini, tana salati. Ya ce, "Sista, ina ƙanwata?"

Ta ce, "Malam Tukur, kwana biyu ba ta zo ba. An ce an ga rigarta da wayarta a wurin aiki, ana dai nema."

Ya ce, "Za ta zo. Aiki ne ya riƙe ta, ba ta taɓa barina ba. Kada kowa ya ɗauke kujerar nan."

Zuwaira ta kasa daurewa. Ta fito tsakiyar ɗaki, ta tsaya da ƙafa biyu, ta ce da duk ƙarfinta, "Ga ni, Yaya!" Abin da ya fito ɗan tsiririn kukan ɓera ne. Nas ta yi tsalle ta yi ihu, ta ce a kawo tsintsiya.

Yaya Tukur ya leƙo daga kan gado, ya dube ta ido cikin ido, ya yi murmushi irin wanda ta sani tun tana goye. Ya ce, "Kada ku kashe shi, Sista. Fari ne, ku kama shi ku ajiye wa Zuwaira. Da irinsu take aiki."

Tsintsiya ta sauka, Zuwaira ta zille, ta faɗa wata 'yar kafa a gindin bango. Can ciki duhu ne da sanyi, kuma ba kowa. Ta juyo ta kwanta ta sa kunne a bakin kafar, inda take iya jin sa yana numfashi.